Ranar da Silima Ya Goya Tulun Iska

Silima Makame bai san ranar da ya koyi nutso ba. A Nungwi aka haife shi, tun garin yana na masunta da masu sassaƙa jiragen katako, kafin otal-otal su zo su jeru a bakin yashi su ba mutanen gari baya. Mahaifinsa mai ƙugiya ne, mutum mai haƙurin zama a kwale-kwale yana jiran kifi ya ga dama. Silima bai gaji wannan haƙurin ba. Shi sauka yake yi ya tarar da abin da yake nema a gida. Kayan aikinsa duka-duka gilashin ido ne, da sandan ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, da igiyar da yake zarge abin da ya kamo. Abin farautarsa kuwa pweza ce, halittar nan mai hannu takwas da ke laɓewa a ramukan duwatsun ƙarƙashin teku, wadda ake bugawa a kan yashi ta yi laushi kafin mata su dafa ta da ruwan kwakwa.

Numfashi ne jarinsa. Zai kwanta rub da ciki a saman ruwa kamar wanda barci ya ɗauke, ya ja iska har haƙarƙarinsa ya buɗe, ya kulle maƙogwaro, sai ka ga tafin ƙafa biyu sun ɗaga sama sun ɓace. Na cikin kwale-kwale sai ya gaji da leƙen ruwa, ya fara salati a zuci, sannan kan Silima ya ɓullo can wani wuri dabam da pweza nannaɗe a hannunsa. Duk wanda ya iya nutso a unguwarsu ta hannunsa ya bi, kuma karatun nasa bai wuce magana ɗaya ba: kada ka saki ko ƙwayar iska sai kanka ya fito sarari. Wanda ya kuskura ya bar kumfa ta fita daga bakinsa, yana fitowa zai sha ranƙwashi. Da numfashin nan Silima ya auri Miza, da shi ya ɗora kwano a kan ɗakinsa, da shi ya aurar da 'yarsu Tatu ba tare da ya roƙi kowa komai ba.

Sai zamani ya juya. Pweza ta ƙanƙance ta yi ƙaranci, masu nemanta suka yi yawa. Aka riƙa rufe duwatsun wata da watanni don ta hayayyafa, in an buɗe kuma babba da yaro su faɗa a rana ɗaya a share wurin tas. Duwatsun da ya fi sani, waɗanda zai iya bi ido rufe, aka ce yanzu na kallo ne, baƙi za a riƙa kaiwa, duk wanda aka gani da sandan ƙarfe a wurin ya kuka da kansa. Kwale-kwalensa ya tsage ba abin gyara, ya kife shi a kan yashi, awaki suka samu inuwa. Mutum ya haura hamsin, ƙirjinsa garau kamar na saurayi, amma ya rasa inda zai kai shi. Ya taɓa gwada yi wa Turawa tallar ɓawon katantanwa a bakin ruwa. Bakinsa ba Turanci, fuskarsa ba fara'a, in ya tunkari mutum sai mutumin ya rungume jakarsa. Bai koma ba.

Gidan ya koma kan kaskon Miza, wadda ke suyar rogo da mandazi, wato fanken mutanen wurin, a bakin hanyar da ma'aikatan otal suke bi. Wata rana da hantsi tana juya rogo a mai, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Baban Tatu, Yaya Foum ya sake aiko da saƙo. Ya ce ɗakin nan na baya yana nan, ga gonar rogo ba mai kula da ita."

"Ni na ce masa ina neman ɗaki?"

"Ba ka ce ba. Ni na ce." Ta ja zanenta sama kaɗan. "Dubi ƙafafuna yadda suka kumbura. Tsayuwar gaban wutar nan ta ishe ni. Bayan babbar salla ni Donge za ni. In ka biyo ni, na gode Allah. In kuma teku ce matarka, to ta riƙa dafa maka."

Donge garin su Miza ne, can cikin tudu, jar ƙasa da ayaba da itatuwan kanumfari, inda ba a ganin ruwa sai na rijiya. Silima ya hango kansa a can riƙe da fartanya, yana cin abincin suruki, yara suna nuna shi suna cewa ga mijin gwaggo da ya dawo daga bakin ruwa hannu biyu. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne Foum mutumin kirki ne, ba ta inda za a yi faɗa da shi a fasa tafiyar. Kuma Miza ba ta yi ƙarya ba, ƙafafun sun kumbura. Tsoro ya kama Silima irin wanda teku ba ta taɓa ba shi ba.

Ana cikin haka Kombo ya zo gaishe shi. Kombo ɗan marigayi Mcha ne, abokin kwale-kwalen Silima, kuma ba wanda ya sha ranƙwashin Silima kamarsa. Yanzu ya zama magidanci, yana aiki a wani shago da ke kai baƙi ƙarƙashin teku da tulun iska a baya, har shi ne mai koyar da su. Ya durƙusa ya gaisa, ya ƙi zama a kan kujera.

"Baba, mai shagonmu tana neman mutum mai ido. Baƙin nan so suke a nuna musu pweza da sauran abubuwan da ke ɓuya, mu kuwa wucewa muke yi ta kansu ba mu gani ba. Na ce mata na san mai idon. Gurbi ɗaya ne, kuma akwai masu nema. Sai dai fa," ya sosa ƙeya, "dole sai ka goya tulu."

Duk garin an san abin da Silima yake faɗa game da masu tulu. Shekara da shekaru yana ce musu jarirai masu shan fida, don bututun nan da suke cizawa a baki. Amma ranar bai ce komai ba sai, "Yaushe?"

Kafin la'asar maganar ta isa dakalin mai kofi. Silima na isowa wani tsohon abokinsa, Pandu, ya matsa masa wuri da ladabin ƙarya. "Ku ba jariri wuri. Silima, an ce za a mayar da kai kan nono? To ka ce su ɗumama maka, kada ya ɓata maka ciki."

"Kai da ko a baho sai an riƙe ka."

"Ni dai ban taɓa sa wandon roba ba. A ce da furfurarka za ka matse kamar tsiran alade."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya kurɓi kofinsa ya gutsiri alewar kwakwa. Ba wanda ya san cewa ko ɗanɗanonta bai ji ba. Salla saura ƙiris, kuma ya ga Miza ta fara ware tukwanen da za ta tafi da su.

Ran da aka sa, da safe, ya isa shagon. Dokar aikin ita ce duk sabon shiga a fara kai shi kwamin wankan otal, ya durƙusa a ruwan da bai kai kafaɗa ba, ya koyi numfashi da bututu, ya koyi cire shi da mayarwa, sai an ga ya zauna masa sannan a kai shi teku. Kombo ya ɗauko kayan suka nufi kwamin. A ciki wata 'yar Baturiya ce ke facal-facal da robobin iska a damtse. A gefe kuma ga masu kai wa baƙi lemo, duk 'ya'yan unguwa ne, sun tsaya da farantai suna kallo, kowa yana danne murmushi.

Gaskiyar magana, da Kombo ya ce wa Silima ya shiga bokiti ya tsuguna, da ya shiga. Haka ya baro gida da niyya. Amma ga idon jama'a, dole dattijo ya ce wani abu, sai ya ce, "Ɗan Mcha, a nan za ka tsoma ni?"

Kombo ya dubi ruwan, ya dubi furfurar mutumin da ya koya masa teku, kunya ta rufe shi. "A'a Baba, wannan ai na baƙi ne. Mu je jirgi."

Silima ya so ya ce da wasa yake, bakin ya ƙi buɗuwa. Haka kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri suka tsallake kwamin. Mutanen bakin ruwan nan kunya ta yi musu yawa, kuma har gobe ita ake zargi.

A cikin jirgi aka sa masa rigar roba da takalmin iyo mai kama da ƙafar agwagwa, aka ɗaura masa ɗamara mai dalma, aka goya masa tulun. Nauyinsa ya ba shi mamaki. Shi da ya saba shiga ruwa da ɗan gajeren wando, yau ga shi an yi masa lodi kamar jaki. Kombo ya tsuguna gabansa, ya rage murya don kada direban jirgin ya ji yana yi wa babba karatu.

"Baba, abu ɗaya ne. Kada ka riƙe numfashi. Ko kaɗan. Iskar da za ka shaƙa a ƙasa a matse take, in kana hawa sai ta riƙa kumbura kamar ƙullin mandazi. In ka kulle ta a ƙirji, za ta nemi hanya da kanta. Ko bututun ya fita daga bakinka, ka riƙa sakin kumfa."

"In saki kumfa," in ji Silima. "Ka manta abin da kumfa ta ja maka?"

Kombo ya shafa tsakiyar kansa yana dariya. "Ban manta ba, Baba."

"To na ji."

Ya ji ɗin kuwa, da kunne. Da bare ne, da Kombo ya maimaita masa har sai ya gundure shi. Amma wa zai maimaita wa Silima maganar ruwa? Sau ɗaya ya faɗa, ya ga kamar ma ya yi rashin kunya.

Suka faɗa ruwa suka kama igiyar da ke sauka ƙasa. Ruwa na rufe kansa maƙogwaron Silima ya kulle da kansa, kamar yadda ido ke rufewa in an kawo masa yatsa. Ga bututu a baki, ga iska cike da tulu, amma jikinsa ya rantse ba a numfashi a nan. Kombo yana gabansa, yana nuna masa da hannu: ja, saki, ja, saki. Silima ya yi ta fama da ƙirjinsa kamar mai jan akuyar da ta ƙi shiga mota. Ya ce a ransa, in ka fito yanzu, fartanya ce. Ya runtse ido ya ja. Iska ta shigo busasshiya, mai sanyi, mai warin roba. Ya saki, kumfa ta tashi da wata ƙara da ta cika masa kunne, har ya ji kunyar kifayen da ke wurin. Duk rayuwarsa shiru yake shigowa nan, yau ya zo da hayaniya kamar injin niƙa.

Suka sauka a hankali har ƙafafunsu suka taɓa farin yashi. Nan jikinsa ya ba shi sanarwar da ya saba ba shi, cewa lokaci ya yi, a koma sama. Bai koma ba. Ya tsaya, ya sake jan iska, ya ga bai mutu ba. Numfashin nasa dai na marowaci ne, ya ja ya riƙe, sai ya ga Kombo ya ɗaure fuska yana buga masa ƙirji da yatsa, sannan ya saki kaɗan kamar ana ƙwata. Amma yana yi.

Sai ya tuna abin da ya kawo shi. Ba numfashi aka ɗauke shi ya yi ba, ido ake nema. In suka fita bai nuna komai ba, me Kombo zai je ya faɗa wa mai shagon? Ya fara bin duwatsun yana leƙa ramuka. Wannan wayam, wancan wayam. Kumfarsa tana korar komai kafin ya isa. Hankalinsa ya tashi, ya fara tunanin ko idon ma ya tsufa bai sani ba. Yana addu'a a zuci, Allah ko guda ɗaya, ko 'yar ƙarama. Sai can a gindin wani dutse ya hango tarin ɓawon ƙaguwa, an cinye naman an zubar a ƙofa. Pweza ƙazama ce, ba ta kai shara nesa. Ya taɓa Kombo ya nuna masa. Kombo ya duba bai ga komai ba sai dutse. Silima ya yi masa alamar ya ja baya.

Doka ta ce hannun mai koyarwa kada ya bar jikin sabon shiga. Amma babba ya ce a ja baya, kuma ga shi yana aikin da ya fi kowa iyawa. Kombo ya saki ɗamarar da yake riƙe da ita, ya matsa gefe.

Silima ya kwanta a kan yashi gaban ramin. Ya rage numfashi har kumfar ta kusa ɗaukewa. Can sai wani ɓangaren dutsen ya buɗe ido. Babba ce, irin wadda rabonsa da gani tun Tatu tana goye. Ya kashe irinta ba adadi, amma bai taɓa kallon ko ɗaya ba, don kullum a gaggauce yake, numfashi na ƙarewa, sanda ya shiga, ya murɗa, ya fizgo, ya tashi. Yau ba inda za shi. Ya ga launinta yana sauyawa daga na dutse zuwa ja-ja, ya koma fari-fari. Ya ga ta zuro hannu ɗaya ta gyara wani ɓawo a ƙofarta, kamar mace mai gyara murfin tukunya. Ashe haka suke zaune in ba a zo kashe su ba. Wani daɗi ya kama shi mai haɗe da baƙin ciki, ya manta da Donge, ya manta da mai shago.

Ya miƙa mata hannu, ba sanda ba komai. Ta taɓa yatsarsa ta janye. Ta sake taɓawa, ta nannaɗe wuyan hannunsa, wani hannun ya biyo damtsensa yana lalube, har ya iso ga abin nan mai ƙyalli da ke bakinsa. Ta kama ta ja. Pweza tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. Bututun ya fita.

Da Baturen da bai taɓa ganin teku ba ne, da ya firgita, ya buɗe baki ya yi ihu, iskar ta fice, ya tsira. Silima ko gezau bai yi ba. Mutum ne a ƙasan teku, ƙirji cike da iska, ba komai a baki, halin da ya fi sani a duniya ke nan. Jikinsa bai shawarce shi ba. Ya zare hannunsa daga na pweza da murɗa ɗaya, ya kulle maƙogwaro gam, ya doki yashi da ƙafa ya miƙe sama. Tashi mai kyau, ko ƙwayar kumfa babu. Kombo ya yi tsalle ya cafko ƙafarsa, takalmin iyon ya zame ya bar shi da shi a hannu.

Ana saura kaɗan ya fito ya ji wani abu ya yage a ƙirjinsa na dama, kamar tsohon ƙyalle. Kansa ya fito sarari, ya buɗe baki zai ja iska kamar kullum, iskar ta ƙi shiga. Ya yi tari, kumfa ja ta fito. Direban ne ya jawo shi cikin jirgi. Yana kwance yana kallon sama, yana jin Kombo na kiran sunansa yana danna masa wani abu a hanci, abin da ke ransa ɗaya ne, yana so ya ce kada a faɗa wa mai shagon. Bai samu numfashin faɗa ba.

A asibitin birni ya yi sallarsa, da roba soke a tsakanin haƙarƙari, Miza na zaune a kan tabarma gefen gadon. Da aka zo sallamarsa likitar, wata mata mai magana a hankali, ta ja kujera ta zauna.

"Baba, huhunka ya yage, iska ta zuba a ƙirji ta danne shi. Yanzu ya tashi, ya warke. Amma wurin ba zai koma kamar da ba. In ruwa ya sake matsa shi zai iya buɗewa, kuma a ƙasan teku ba mai soka maka roba."

"Tulun na bari," in ji Silima da sauri. "Dama ba nawa ba ne. Irin nawa nutson zan koma, na numfashi ɗaya."

"Shi ma."

"Ko ba tulu?"

"Ko ba tulu, Baba. Wanka a bakin ruwa, iyo sama-sama, duk ba laifi. Ƙasa ce dai babu."

Ya dubi Miza ko za ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai tana ninke zanen da ta riga ta ninke.

Kombo bai iya haɗa ido da shi ba. Kullum yana zuwa gidan da kifi ko ayaba, ya ajiye a ƙofa, ya gaisa daga tsaye. Ya je ya faɗa wa mai shagon gaskiya, cewa shi ya tsallake kwamin, shi ya saki ɗamarar. Ta yi masa faɗa kamar za ta kore shi, ba ta kore shi ba. Bai bar ta ta huta ba sai da ta yarda da abin da ya roƙa. Ran nan ya shigo har tsakar gida, ya durƙusa.

"Baba, an samu. Ba na ƙasa ba ne, na cikin jirgi ne. In mun sauka, kai za ka riƙa bin kumfarmu da ido kana nuna wa direba, kada jirgi ya yi nisa da mu. In mun fito ka karɓi tuluna, ka yanka wa baƙi kankana. Aiki ne na dindindin."

"Ka tashi, ɗan Mcha. Ni na ce ka ja baya."

"Ni ya kamata in ƙi."

"Da ka ƙi da ka sha ranƙwashi. Tashi."

Miza ce ta fi kowa murna. Ta ce in dai akwai abin da zai riƙa shigowa, ita ma za ta rage tsayuwar wuta, ba sai an je ko'ina ba. Ranar ta kwance ƙullin kayan da ta ɗaure, ta mayar da tukwane mazauninsu. Abin da Silima ya sa ransa a kai ya samu, zai zauna a Nungwi, zai riƙa fita teku kullum. A dakalin kofi ma Pandu ya ce, ba da tsokana ba, "Allah ya rufa maka asiri, mutumina."

Ya fita aikin ranar farko. Teku ta kwanta lumui, ruwan garau har ana hango ƙasa. Baƙi suka faɗa ɗaya bayan ɗaya, Kombo ya ɗaga masa hannu ya nutse. Jirgi ya yi shiru. Silima ya jingina da gefe yana kallon kumfa tana tasowa tana fashewa. Aikin ba wuya, ko makaho-makaho zai iya. Daga launin ruwan kawai ya san inda suke, yanzu sun wuce farin yashin, yanzu suna kan dogon dutse, yanzu sun nufi gindin da ramin yake. Ko za su tsaya? Ba su tsaya ba, kumfar ta wuce. Pwezar tana nan a ƙofarta, sun bi ta kanta.

"Baba, lafiya?" in ji direban.

Silima ya dubi kansa. Ƙafarsa ɗaya tana kan bakin jirgin, haƙarƙarinsa a buɗe, ƙirji cike da iska, maƙogwaro a kulle. Bai san lokacin da ya tashi ba. Ya saki iskar a hankali, ya sauke ƙafar, ya zauna a kan hannuwansa. Kafin baƙin su fito sai da abin ya sake faruwa. Ya karɓi tuluna, ya yanka kankana, wata Baturiya ta yi masa godiya da hannu a ƙirji. Shi kuwa ya riga ya gane. Yau direba ya yi magana. Gobe ma wataƙila ya yi. Amma akwai ranar da direban zai juya yana duba inji, kuma jikin nan da bai shawarce shi a ƙasa ba, ba zai shawarce shi a sama ba. Sai a kawo wa Miza shi a naɗe, ko ma a rasa abin kawowa.

Da yamma ya tarar ta dafa shinkafa da kwakwa, har da ɗan kifi, don murnar ranar farko. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tana ta tambaya, ya baƙin, ya jirgin, an ba shi riga irin ta su Kombo? Ya wanke hannu ya zauna. Daga nan tsakar gidan ana jin ruwa yana dukan yashi, kamar kullum.

"Maman Tatu," ya ce, "a gonar yayanki, in iska ta kaɗo daga wannan gefen, ana jin ƙarar teku?"

"A Donge? Ina fa. Ko ƙarninta ba a ji."

"Kin tabbata?"

"A can aka haife ni, Baban Tatu."

Ya gyaɗa kai. "To ki aika masa. Ki ce muna tafe."

Miza ta daɗe tana kallonsa. Ba ta tambaye shi abin da ya faru a jirgin ba. Ta tura masa kwanon shinkafar gabansa, ta tashi ta shiga ɗaki neman igiyoyin kayan da ta kwance.